Dokokin kariya daga gobara a gine-ginen Ingila

Dokokin kariya daga gobara a gine-ginen Ingila jerin dokoki ne da ƙa'idoji da suka tsara yadda za a gina gini da yadda za a kula da shi, domin idan wuta ta tashi mutanen ciki su ji da wuri, su ga hanyar fita, wutar kuma ta daɗe ba ta bazu ba. Manyan kayan aikin da dokokin suka fi magana a kansu su ne alamomin haɗari da na mafita, da na'urorin yayyafin ruwa, da ƙararrawar gobara. Wasu daga cikin dokokin sun haɗa Ingila da Wales, amma Sikotland da Ireland ta Arewa kowace tana da nata tsarin. Yawancinsu an kafa su ne bayan wata gobara da ta ci rayuka, kuma gobarar benen Grenfell ta shekarar 2017 ita ce ta jawo sauye-sauye mafi girma a wannan ƙarni.

Tarihi

A ranar 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi a Landan, ta yi kwanaki tana ci, ta cinye gidaje kusan 13,200 da coci-coci 87. Dokar sake gina birnin da ta biyo baya ta wajabta a riƙa yin gini da bulo ko dutse maimakon katako. Wannan na cikin dokokin farko da suka sa hannun hukuma a kan kayan da mutum zai gina gidansa da su saboda tsoron wuta.

A ƙarni na 20 dokokin sun riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana bin sawun wani bala'i. Mutum 8 sun mutu a wata masaƙa a garin Keighley a 1956, aka ƙara tsaurara sharuɗɗan masana'antu, waɗanda aka tattara a dokar 1961. Mutum 11 sun mutu a kantin Henderson da ke Liverpool a 1960, sai aka yi dokar ofisoshi da shaguna ta 1963. Wasu 11 sun mutu a otal ɗin Rose and Crown da ke Saffron Walden a watan Disamba 1969, wannan ya kai ga dokar 1971 wadda ta kawo takardar shaidar kariya daga gobara. A ƙarƙashinta 'yan kwana-kwana ne ke duba gini su ba da takarda. Gobarar filin ƙwallon Bradford ta 1985, wadda ta kashe mutum 56, da ta tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross a 1987, wadda ta kashe 31, su ma kowace ta haifar da nata ƙa'idojin.

Da dokokin suka yi yawa suka warwatsu, sai aka dunƙule su a doka ɗaya a 2005, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Oktoba 2006.

Tsarin doka

Tsarin ya rabu gida biyu. Kashi na farko ya shafi lokacin gini, wato Ƙa'idojin Gini na 2010. Gwamnati na fitar da littattafan jagora da ke bayyana yadda za a cika ƙa'idojin, kuma wanda ya shafi wuta shi ne Kundin B. A cikinsa ake samun bayanin faɗin matakala, da nisan da mutum zai yi kafin ya kai ƙofar fita, da tsawon lokacin da bango ko ƙofa za su jure wuta. Waɗannan ƙa'idoji suna hawa kan sabon gini ne, ko tsohon da aka yi wa babban gyara ko aka sauya aikinsa. Ba sa komawa baya su kama ginin da ke tsaye tun kafin a kafa su.

Kashi na biyu ya shafi ginin da ake amfani da shi, wato dokar 2005. Ta soke takardar shaida, ta ɗora nauyin a kan wanda ta kira mai alhaki. Mai alhaki shi ne mai ɗaukar ma'aikata a wurin aiki, ko mai ginin, ko wanda ke tafiyar da shi. Wajibi ne ya binciki haɗarin gobara a wurin, ya rage abin da zai iya ragewa, ya tanadi hanyar gano wuta da sanar da mutane, ya bar hanyoyin fita a buɗe, ya horar da ma'aikata. A da, wanda ke da ma'aikata biyar zuwa sama ne doka ta tilasta wa rubuta sakamakon binciken. Daga 1 ga Oktoba 2023 kowane mai alhaki sai ya rubuta shi cikakke.

Dokar ta shafi ofisoshi, shaguna, makarantu, asibitoci, otal-otal, wuraren ibada da masana'antu. Ba ta shiga cikin gidan da iyali ɗaya ke zaune, amma a gidan bene mai sassa da yawa ta kama wuraren da kowa ke bi, kamar matakala da baranda. Dokar 2021 ta fayyace cewa bangon waje da ƙofar shiga kowane sashe su ma suna ciki.

Hukumomin kashe gobara na yankuna ne ke sa ido. Suna iya ba da takardar umarnin gyara, ko su hana amfani da ginin nan take idan haɗarin ya yi tsanani. Babban laifi na iya jawo tara marar iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara biyu.

Alamomi

Ƙa'idojin alamomin tsaro na 1996 ne suka tsara launi da siffar alamomi a wuraren aiki, kuma an ɗauko su ne daga wani umarni na Tarayyar Turai na 1992. Kowane launi da aikinsa:

Ja: hani, da kuma nuna kayan kashe wuta. Alamar hani da'ira ce mai jan baki da jan layi a gicciye, kamar ta hana shan taba. Alamar tukunyar kashe gobara ko maɓallin ƙararrawa kuwa mai kusurwa huɗu ce, ja da farin hoto.

Rawaya: gargaɗi. Siffarta mai kusurwa uku ce da baƙin baki, kamar ta abu mai saurin kamawa da wuta ko ta wutar lantarki mai ƙarfi. A inda iskar gas ko ƙura ke iya fashewa ana sa irinta mai ɗauke da haruffan EX.

Shuɗi: umarni. Da'ira ce, kuma wadda aka fi gani ita ce ta jikin ƙofar tare wuta, mai cewa a bar ƙofar a rufe.

Kore: tsira. Da ita ake nuna hanyar fita, da wurin taruwa a waje, da akwatin taimakon gaggawa.

Babban sauyin da ƙa'idojin 1996 suka kawo shi ne fifita hoto a kan rubutu. Kafin nan alamomin mafita da yawa kalma ce kawai da Ingilishi. An ba masu gine-gine wa'adi zuwa watan Disamba 1998 su ƙara hoto a kan irin waɗannan alamomi ko su sauya su. Dalilin shi ne rubutu yana buƙatar mai karatu ya san harshen, alhali a cikin otal ko tashar jirgi akwai baƙi da yara da waɗanda ba su iya karatu ba. Hoton da aka fi amfani da shi yau shi ne na mutum yana gudu ta ƙofa, wanda asalinsa zanen Yukio Ota ne, ɗan ƙasar Japan, kuma yana cikin ma'aunin duniya na ISO 7010. Kibiya ce ke nuna inda za a nufa. Ba a hana rubutu ba, amma matsayinsa na ƙarin bayani ne.

Alama ba ta da amfani idan ba a ganinta. Saboda haka dokar 2005 ta wajabta fitilun gaggawa a hanyoyin fita da ke buƙatar haske, waɗanda ke kamawa da kansu da batir idan lantarki ya ɗauke. A wuraren da mutane ke kwana, kamar otal, yawanci ana tsara su su yi awa uku suna ci. Akwai kuma alamomin da ke tara haske da rana su riƙa ƙyalli a duhu.

Bayan Grenfell an ƙara wani nau'i na alama, wanda aka yi domin 'yan kwana-kwana. A daren gobarar, lambobin hawa da ke matakalar benen ba su fito sosai ba, wasu kuma ba su dace da sabon lissafin hawa da aka yi bayan gyaran ginin ba, har masu ceto suka riƙa rikicewa cikin hayaƙi. Daga Nuwamba 2020, sabon benen zama da ya wuce mita 11 sai an rubuta lambar hawa a kowace mahaɗar matakala, tare da lambobin sassan da ke wannan hawa. Kundin B ya ce tsayin lambar kada ya gaza milimita 75, a kafa ta tsakanin mita 1.7 da mita 2 daga ƙasa. Ƙa'idojin 2022, da suka fara aiki a 23 ga Janairu 2023, sun wajabta irin waɗannan alamomi har a tsofaffin benaye masu tsayin mita 18 ko hawa bakwai zuwa sama.

Na'urorin yayyafin ruwa

Na'urar yayyafi bututu ne da aka bi silin da su, cike da ruwa mai ƙarfi daga famfon gari ko daga tanki da injin turawa. A jikin bututun akwai bakuna a jere. Kowane baki an toshe shi da 'yar ƙaramar kwalba mai ruwa a ciki. Idan zafi ya kai wani mataki, ruwan cikin kwalbar ya kumbura ya fasa ta, toshiyar ta faɗi, ruwa ya fito ya bugi wani ɗan faifai ya watsu kamar yayyafi. Launin ruwan kwalbar ne ke nuna zafin da za ta fashe: ruwan lemo digiri 57 a ma'aunin Salshiyas, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja aka fi sawa a ofisoshi da gidaje, masu jure zafi kuma a wurare irin su ɗakin girki na otal.

Mutane da yawa suna zaton duk bakunan ke buɗewa lokaci guda. A tsarin da aka saba, bakin da zafi ya kai gare shi ne kaɗai ke buɗewa, kuma hayaƙi ba ya tayar da shi. Wannan ya sa ruwan da yake zubarwa bai kai wanda mesar 'yan kwana-kwana za ta zubar ba idan wutar ta riga ta girma. A wuraren da sanyi ke iya daskarar da ruwa, ana cika bututun da iska, sai baki ya buɗe iskar ta fita sannan ruwa ya biyo.

Tun 1812 aka sa bututu masu huji a gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane a Landan, bisa tsarin William Congreve, amma da hannu ake buɗe su. Bakin da ke buɗe kansa daga Amurka ya zo. Henry Parmelee ya yi rajistar nasa a 1874, Frederick Grinnell ya inganta shi a 1881, kamfanin Mather da Platt na Manchester kuma ya sami izinin ƙera na Grinnell a 1883. Masaƙun auduga ne suka fara rungumarsa, domin kamfanonin inshora na rage wa mai shi kuɗi. Shekaru da yawa ana ɗaukarsa kayan kare dukiya ne, sai daga baya dokokin gini suka fara sa shi domin kare rai.

A yau ma'aunin BS EN 12845 ne ke tsara na shaguna da masana'antu, inda ake raba gine-gine zuwa masu ƙaramin haɗari, matsakaici da babba, kowanne da yawan ruwan da ake buƙata. Na gidajen zama kuwa BS 9251 ne. A Kundin B, shagon da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 2,000 sai an raba shi da bangon tare wuta ko a sa masa yayyafi, sito mai hawa ɗaya kuma iyakarsa murabba'in mita 20,000. Ga benayen zama, daga 2007 sabon da ya wuce mita 30 ne ake sa wa. A Nuwamba 2020 aka sauko da iyakar zuwa mita 11, kimanin hawa huɗu ke nan. Daga Maris 2025 kuma duk sabon gidan kula da tsofaffi da masu rauni sai an sa masa, komai tsayinsa.

Maƙwabtan Ingila sun riga ta a wannan fanni. Sikotland ta wajabta yayyafi a sababbin gidajen kula da tsofaffi a 2005, bayan mutum 14 sun mutu a gidan Rosepark a Janairu 2004. A Wales, 'yar majalisa Ann Jones ta gabatar da ƙudurin da ya zama doka a 2011, kuma daga 1 ga Janairu 2016 kowane sabon gida a can sai da yayyafi.

Ƙararrawar gobara

Tsarin ƙararrawa ya ƙunshi na'urorin ganowa, da maɓallan da mutum ke dannawa da hannu, da allon sarrafawa mai nuna sashen da wuta ta tashi, da jiniya. Na'urar gano hayaƙi iri biyu ce. Ɗaya tana da ɗan haske a ciki, idan hayaƙi ya shiga ya karkatar da hasken zuwa idon na'urar sai ta yi ƙara. Ta fi saurin jin wutar da ke cin katifa ko kujera a hankali. Ɗayar tana aiki da ɗan ƙanƙanin sinadarin amerisiyom-241, hayaƙi na katse lantarkin da ke gudana a cikinta, kuma amfani da ita yana raguwa. A ɗakin girki ana sa mai gano zafi, domin hayaƙin suya kan tayar da mai gano hayaƙi ba dalili.

Ma'aunin BS 5839 ya raba tsare-tsaren zuwa rukuni uku. Rukunin M maɓallan hannu ne kawai. Rukunin L na kare rai ne, daga L1 da ke da na'ura a ko'ina cikin ginin, zuwa L4 da ke kula da hanyoyin fita kaɗai, sai L5 da ake tsarawa don wata buƙata ta musamman. Rukunin P na kare dukiya ne. Ma'aunin ya ce kada mutum ya yi tafiyar da ta wuce mita 45 kafin ya sami maɓalli, ƙarar kuma kada ta gaza desibel 65 a yawancin wurare, ko 75 a kan gadon mai barci. Ana gwada maɓalli ɗaya kowane mako, ƙwararre kuma ya duba tsarin duk wata shida. Ga kurame da masu ƙarancin ji ana sa fitila mai walƙiya, ko ɗan faifai mai girgiza a ƙarƙashin matashin kai.

A gidaje, tun 1992 ake sa wa kowane sabon gida na'urar hayaƙi mai aiki da lantarkin gida. Daga 1 ga Oktoba 2015 masu gidajen haya sai sun sa aƙalla ɗaya a kowane hawa. A Oktoba 2022 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da gidajen ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin samar da gidaje, aka kuma wajabta na'urar gano iskar kabon monoksaid a ɗakin da ke da abin ƙona makamashi, ban da kukar gas. Mai gidan da ya ƙi bin umarnin gyara ana iya cin sa tarar da ta kai fam 5,000.

Matsalar da ta fi damun wannan fanni ita ce ƙarar ƙarya, wadda turiri ko ƙura ko rashin kula ke jawowa. Idan ta yawaita mutane sukan daina tashi, motocin kashe gobara kuma su yi ta fita a banza. Daga Oktoba 2024 hukumar kashe gobara ta Landan ta daina zuwa yawancin ofisoshi da shaguna da rana saboda ƙarar na'ura kaɗai, sai wani ya kira ya tabbatar akwai wuta. Gidajen zama da makarantu da asibitoci ba sa cikin wannan mataki.

Grenfell da tsarin zama a ciki

Tun shekarun 1960 ake gina benayen zama a Ingila ta yadda kowane sashe zai zama kamar akwati mai jure wuta na aƙalla awa ɗaya. A kan haka ne ake ba mazauna shawarar cewa wanda wuta ba ta cikin sashensa ya zauna ya rufe ƙofa. Shi ya sa galibin irin waɗannan benaye ba su da ƙararrawa ɗaya da ke tayar da kowa, don kada jama'a su cika matakala mai hayaƙi su tare wa masu ceto hanya.

Tsarin yana aiki ne muddin wutar ta tsaya a inda ta tashi. A Yuli 2009 mutum 6 sun mutu a benen Lakanal da ke kudancin Landan bayan wuta ta tsallaka sassa. A 2013 alƙaliyar da ta binciki mutuwar, Frances Kirkham, ta ba da shawarar a ƙarfafa wa masu tsofaffin benaye gwiwa su sa yayyafi, amma ba a mayar da hakan doka ba.

A ranar 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi daga firiji a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24. Ta fita ta taga ta kama fallayen alminiyom masu roba a tsakiya da aka lulluɓe bangon da su a gyaran 2015 zuwa 2016, ta haura sama cikin mintuna. Benen ba shi da yayyafi, matakalarsa ɗaya ce, ƙofofi da yawa kuma ba sa rufe kansu. An kira 'yan kwana-kwana da ƙarfe 12:54 na dare, amma ba a janye shawarar zama a ciki ba sai 2:47. Mutum 72 suka rasu.

Rahoton Judith Hackitt na Mayu 2018 ya nuna cewa tsarin sa ido kan dogayen benaye bai dace da aikinsa ba. Kwamitin bincike ƙarƙashin Martin Moore-Bick ya fitar da rahoton farko a Oktoba 2019, na ƙarshe a 4 ga Satumba 2024. A Disamba 2018 aka hana sa kayan da ke kamawa da wuta a bangon sababbin benayen zama da suka wuce mita 18. Dokar Tsaron Gine-gine ta 2022 ta kafa hukuma ta musamman mai kula da dogayen benaye. Sababbin da suka wuce mita 18 ana sa musu ƙararrawar da 'yan kwana-kwana kaɗai ke kunnawa, hawa-hawa, idan sun ga ya kamata a fitar da mutane. A benen da ya wuce mita 11, ana duba ƙofofin tare wuta na wuraren da kowa ke bi duk wata uku, ƙofar kowane sashe kuma sau ɗaya a shekara.

Muhawara

Babban abin da ake jayayya a kai shi ne tsofaffin gine-gine. Dubban benaye da aka gina kafin 2020 ba su da yayyafi, kuma babu dokar da ta tilasta a sa musu. Shugabannin hukumomin kashe gobara sun daɗe suna neman a wajabta shi a tsofaffin dogayen benaye da kuma sababbin makarantu, waɗanda a Ingila ba dukkansu doka ta kama ba. Wasu ƙananan hukumomi sun sa wa benayensu da kansu. Masu ja da baya kuwa suna kawo batun tsada, da wahalar aiki a ginin da mutane ke ciki, da tambayar wanda zai biya tsakanin gwamnati, mai gini da mazauna. Wannan tambaya ta taso da ƙarfi bayan 2017, lokacin da aka ɗauki masu gadi suna zagaya benayen da ke da fallaye masu haɗari dare da rana, kuɗinsu kuma ya riƙa faɗawa kan mazauna har aka fara maye gurbinsu da ƙararrawa.